Larabar Ɗan Farina

A gidanmu kowa yana da ranarsa ta addu'a. Ni na tsara haka tun muna Wurno, ina aikin asibiti, yara suna ƙanana. Da ladanin unguwarmu ya gama kiran asuba sai in buga ƙofar ɗakinsu. Mu zauna a tabarma, in yi karatun Littafi kaɗan, mu rera waƙa ɗaya ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta, sannan mai ranar ya yi addu'a a fili. Litinin tawa ce, Talata ta matata, Laraba ta ɗan farinmu, Alhamis da Juma'a na ƙannensa mata biyu. Asabar duk wanda barci bai fi ƙarfinsa ba.

Yana yaro babu wanda ya kai shi dogon baki a wurin addu'a. Yakan roƙa wa akuyarmu lafiya, ya roƙa wa tsohuwar da ke sayar da fura a ƙofar gidanmu, har babur ɗina ba ya mantawa. Sau da yawa sai uwarsa ta taɓa masa ƙafa kafin ya kai ga amin, don koko yana hucewa.

Bayan an mayar da ni Rabah, yana da kamar shekara goma sha uku, wata Laraba na gama karatu na ce masa ranarsa ce. Ya sunkuyar da kai. Muka jira. Ƙaramar ƙanwarsa ta fara dariya, uwarta ta harare ta. Can ya ce amin, shi ke nan. Na ɗauka taurin kan ƙuruciya ne. Laraba ta gaba haka, ta bayanta ma haka. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na rubuta masa addu'a a takarda don ya karanta. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce to, ya ninke ta ya sa a aljihu. Bai taɓa ƙin fitowa tabarma ba. Amma tun daga ranar ban sake jin muryarsa yana magana da Allah ba, yanzu kuwa ya haura talatin.

Aikin rigakafi ya kai ni wurare da yawa, kuma duk inda na je nakan lura da yadda 'ya'ya ke yi a gaban iyayensu. A Ibadan, inda na yi kwas, na ga saurayi ya kwanta rub da ciki ya gaida ubansa, bayan ɗan lokaci su biyun suna tsaye kafaɗa da kafaɗa suna addu'a da ƙarfi kamar za su tsaga kwanon rufi. A Kumasi uba da ɗa suna rawa a layi ɗaya zuwa gaban coci, kowa da farin hankici. A ƙasarmu ta duwatsu kuwa da murya ake sanin mutum. Saurayin da ba ya waƙa a taro sai a tambaye shi ko ba shi da lafiya. Ina da shekara goma mahaifina ya tsayar da ni a kan benci na yi karatu a gaban dukan ikilisiya, shi kuwa yana ta duban mutane don ya tabbata sun gani. Da wannan ma'aunin na girma. A wurina, wanda ya yi shiru babu kome a cikinsa.

Akwai abin da na sani amma ban taɓa ɗora shi a kan gidana ba. Lokacin da aka haifi yaron nan a Wurno, nakan ɗora shi a wuya in shiga kasuwa da shi, ina kiran sunansa, ina yi masa wasa. Tsohuwar nan mai fura ta rufe baki da gefen mayafinta. Daga baya ta ja matata gefe ta gaya mata cewa a nan iyaye ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, shi ma yakan tashi da kunyarsu, ba ya cin abinci tare da uba, ba ya ɗaga murya inda yake. Muka yi dariya a ɗaka. Na ma ba matata labarin Fulanin da na zauna da su kusa da Garwa, waɗanda tasu kunyar ta fi wannan tsanani. Na ɗauki abin al'adar wasu ce, irin wadda matafiyi ke gani ya ba da labari. Ban yi tunanin cewa ɗana, wanda ke wuni a zaurukansu, yake sa hannu a akushinsu, yana shan abin tare da furar ba. Hausarsa ta Sakkwato ce tsantsa, tawa kuwa har gobe ana gane baƙo ne. Harshenmu na gida, in ban da gaisuwa, bai iya ba.

Da ya gama sakandare ya ce karatu ya ishe shi. Ya koyi gyaran injin ban ruwa, ya kafa rumfa a Goronyo kusa da kasuwa, inda masu noman albasa da shinkafa na gefen madatsar ruwa ke kawo masa aiki. Kasuwar Goronyo ran Lahadi take ci. Ranar ce manoma ke shigowa da injinansu a bayan babur, don haka ranar ce ba ya rufe rumfa. Coci sai ya zama labari.

Ban taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Ba ya sha, ba ya faɗa, ba a ganinsa inda bai kamata ba. Da zai yi wani laifi da na san inda zan kama. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ban san abin da ke cikinsa ba. Wani lokaci in ce ko ya karkata ga addinin maƙwabtanmu ne yana jin nauyin gaya mini. Mutanen nan sun riƙe ni da amana shekara da shekaru, ba ni da abin faɗi a kansu sai alheri, amma kowane uba yana son ɗansa a kan hanyarsa, limamin unguwarmu ma haka zai ce. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne a ce babu kome, ba nan ba can, shekarun nan duka na buga ƙofa da asuba sun bi iska.

Ƙannensa ba su bar ni cikin duhu ba. Babbar tana ƙungiyar mawaƙa a Jos, ƙaramar kowace safiya sai ta turo mana aya ta waya. Mutane sukan ce na iya tarbiyya. Nakan amsa da godiya, zuciyata kuwa tana Goronyo.

Na yi abubuwan da nake jin kunyar rubutawa. Na sa fastonsu na can ya riƙa duba mini ko yana leƙowa. Na tambayi wata nas da muka yi aiki tare ko ta taɓa ganinsa da wata yarinya, kuma wace iri. Wata rana da na kai masa ziyara, ya fita sayo mini ruwan sanyi, na ga Littafin da na ba shi ranar da ya bar gida. Ya naɗe shi da farin ƙyalle ya ɗora a can saman kanta, babu abin da ke bisansa, yadda maƙwabtanmu ke ajiye nasu. Na tsaya ina kallo, na rasa ko girmamawa ce ko ajiyar abin da aka gama da shi. Sai na karyo tsinken tsintsiya na sa a tsakanin shafuka biyu, na mayar da ƙyallen yadda yake. Bayan wata biyu na dawo na duba. Tsinken yana nan inda na sa shi.

Na gaya wa matata. Ta ce yaran yanzu a waya suke karatu. Ta ce kuma wa ya sani, ko ya ga tsinken ya gane aikin ubansa ne ya bar shi a wurin don kada ya kunyata ni. Ta ƙara da cewa mutum da furfurarsa yana ɗana wa ɗansa tarko kamar mai neman gafiya. Maganar ba ta kwantar mini da hankali ba, ta dai ƙara mini abin juyawa.

Da na yi ritaya muka koma Wurno, aka shirya mini addu'ar godiya a ƙaramin cocinmu. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda kaɗan, kowa daga wata jiha, Hausa ce ta haɗa mu. Yaran mata suka zo. Shi ma ya zo. Ya rufe rumfarsa ranar kasuwa ya hau mota ya zo, abin da a lokacin ban auna nauyinsa ba. Ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, da farar riga wadda aka yi wa guga sosai.

Tun da safe na gaya wa matata abin da nake niyya, ta ce kada in yi. Na ce a gaban jama'a ba zai iya ƙi ba, in bakinsa ya buɗe sau ɗaya shi ke nan. Haka aka yi mini, ga ni kuwa.

Da aka ba ni abin magana na gode wa Allah, na gode wa mutane, na ba da labarin tafiye-tafiyena fiye da yadda ya kamata. Sannan na kira cikakken sunansa, na ce ɗan farina ya fito ya rufe mana da addu'a a madadin iyali.

Kowa ya waiwaya. Ya tashi a hankali, ya bi tsakiyar benci har gabana. Na miƙa masa abin maganar. Bai karɓa ba. Sai ya durƙusa a gabana, gwiwa ɗaya a ƙasa, kansa a sunkuye, yadda ake durƙusa wa babba a ƙasar nan. Hannuna yana miƙe a sama da kansa. Babu abin da ake ji sai ƙarar janareta a waje. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba. Wata malama daga cikin mata ce ta ɗauko waƙa don ta rufa mana asiri, jama'a suka kama, fasto ya yi addu'ar da kansa. Kafin a raba abinci ya tafi.

Wata uku bai tako Wurno ba. Yakan kira uwarsa, ya ce a gaishe ni. In ni na kira, gaisuwa ce kawai, ya gida, ya jiki, to madalla. Na fara ganin cewa bayan abin da nake tsoron ya rasa, ni ma ina gab da rasa shi. Wata safiya bayan addu'a, muna zaune mu biyu a tabarmar da a da take ɗaukar mutum biyar, matata ta ce:

"Maigida, in tambaye ka? Ranar nan, ka kira shi ne don ya yi magana da Allah, ko don mutane su ga ɗanka ya yi?"

Na ce duka biyun. Ta ce to, ta tashi ta ɗora ruwa.

Lahadin da ta biyo ban je coci ba, abin da ban taɓa yi da lafiyata ba. Na shiga motar Goronyo. Hanyar a 'yan shekarun nan ba a binta da sakin jiki, kowa a motar idonsa yana kan daji, amma ni ranar abin da zan faɗa ne ya cika mini kai. Na shirya tambayar da Hausa, na shirya ta da Turanci, har da harshenmu da ba ya ji.

Kasuwa ta cika, warin albasa da busasshen kifi ko'ina. Na same shi tsugune a kan wani inji, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Da ya ɗago ya gan ni sai ya miƙe da sauri.

"Baba, lahiya? Mi yak kawo ku yau Lahadi? Ko Mama ce?"

Na ce kowa lafiya. Ya share benci da gefen rigarsa, na zauna, ya durƙusa ya gaishe ni kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu.

Mai injin da yake gyarawa wani dattijo ne daga Tursa, wanda na taɓa yi wa jinyar saran maciji lokacin ina Rabah. Ya gane ni kafin in gane shi. Ya riƙe hannuna yana dariya, ya ce ashe Likita ma yana fashin coci, lallai duniya ta zo ƙarshe. Na ce tun da shi ya bar gonarsa tana ƙishirwa ya zo yawon kasuwa, ai ba shi da bakin magana. Ya tambayi allurar nan tawa mai zafi ko na tafi da ita gida da na yi ritaya, don har yau in hadari ya taso wurin yana yi masa ƙaiƙayi.

Da yaron ya shiga cikin kasuwa neman wani ƙarfe, dattijon ya bi shi da kallo, ya ce:

"Wanga ɗan naka, Likita, namu ne. Shekara nawa ina kawo mishi aiki, ban taɓa jin ya kama sunanka ba. Sai da wani yag gaya mini na san kai ka haife shi."

Ban san abin da ya sa na buɗe masa cikina ba, watakila don ba ɗan cocinmu ba ne. Na ba shi labarin ranar godiya. Ya daina dariya. Ya ce ɗan fari, a gaban mutane, da sunansa, kuma ya tsaya a kanka yana magana kana saurare? Ya girgiza kai. Ya ce nasa ɗan farin yana da 'ya'ya biyar, amma har yau in uban ya shigo ya tarar da shi yana cin abinci sai ɗan ya tsame hannu. Bai taɓa yarda ya ja salla ubansa yana baya ba, ko da kuwa ya fi shi karatu nesa ba kusa ba.

Na ce to ta yaya ya san abin da ke zuciyar ɗan nasa.

"Ni ɗan sanda ne?" in ji shi. "Na dai koya mishi."

Na yi dariya, amma rabin nauyin ne kawai ya sauka. Ɗansa yana da sahu a masallaci, duk gari suna ganinsa sau biyar a rana, uban ba ya bukatar tambaya. Nawa ba shi da sahun da zan gan shi a ciki. Kunya za ta iya bayyana shirunsa a gabana, amma ba za ta gaya mini abin da ke bayan shirun ba. Mai kunya da wanda ya bar hanya, duka biyun kansu a sunkuye yake.

Bayan la'asar kasuwa ta fara watsewa. Dattijon ya ɗaure injinsa a babur ya tafi, muka rage mu biyu. Ya sayo mini tuwo da kifi, ya ajiye a gabana, ya koma bakin rumfa ya ba ni baya yana wanke ƙarafa a cikin kananzir. A da da na ce ya zo mu ci. Ranar na ci ni kaɗai.

Da na wanke hannu na ce ya matso. Ya matso ya tsuguna. Na ce abin da na yi masa a coci ban kyauta ba, na kunyata shi don in ji daɗin kaina, ya yi haƙuri ya yafe mini.

Ya ɗago a firgice, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido cikin shekaru.

"Baba, ku bari don Allah. Ba a yin haka. Ku ne za ku ba ni haƙuri?"

"Ana yi," na ce. "Abin da na koya muku a tabarma ke nan. Ni ma ya hau kaina."

Ya mayar da kansa ƙasa. Ya ce babu kome, shi ne ya ba ni kunya, ya so ya buɗe baki ranar amma abin ya ƙi. Ya ce a gabana ba ya iyawa, tun yana yaro abin ya zo masa, bai san yadda zai gaya mini ba.

Na yi niyyar in tsaya a nan. Ban iya ba. Na tambaye shi, in ba a gabana ba fa, in yana shi kaɗai, akwai abin da yake faɗa wa Allah?

Ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ya riga ya goge.

"Wata rana akwai, Baba. Wata rana babu."

Na jira ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Na so in tambayi wace ce ta fi yawa, na so in ce ko sau ɗaya a wata ya rufe rumfar nan. Na haɗiye duka. Na ce ina so in shiga ɗakinsa da ke jikin rumfar in sa hulata daidai. Na sauko da Littafin, na buɗe ƙyallen, na cire tsinken. Yana nan a shafin da na bar shi. Na jefar da shi a bayan rumfa.

Ya raka ni tasha ɗauke da buhun albasa ƙarami da ƙullin kifi na uwarsa, yana tafe a bayana da taku biyu. Bai bar wurin ba sai da motar ta tashi.

Yau shekara biyu ke nan. Bai koma coci ba. Bai yi aure ba, kuma duk lokacin da uwarsa ta ce yana da magana da mu sai gabana ya faɗi. Na gaya wa faston Goronyo ya daina duba mini shi, ya dai riƙa gaishe shi in ya bi ta kasuwa. Wani lokaci ina cikin shan shayi sai tunani ya zo mini cewa da na bar su sun girma a ƙasarmu, ko da na fi sassauci, ko da na fi tsanani. Nakan lissafa shekaruna in ga watakila zan tafi ban ga kome ba. Matata takan ce ba a ce mini sai na gani ba, an ce mini in yi. Na san gaskiya ta faɗa.

Ba mu ba kowa Larabar ba. In na gama karatu mun yi waƙa, sai mu yi shiru daidai tsawon addu'ar mutum ɗaya, sannan matata ta ce amin. Yanzu yakan zo wata Talatar da yamma, in aiki ya yi sauƙi, ya kwana. Da asuba ba na buga masa ƙofa, amma nakan ji motsinsa, ya fito ya zauna a can bakin tabarma, ɗan baya da ni. In lokacin shirun ya zo nakan rufe ido. Na yi wa kaina alkawari ba zan duba ko leɓɓansa suna motsi ba. Ina jin numfashinsa a bayana, ina jin zakaran maƙwabta, idona yana ta so ya buɗe, ni kuwa ina matse shi har uwarsa ta ce amin.